Mu Auna Ɗigon Ruwanmu da Kanmu

Idan aka wayi gari bayan an sha ruwa da dare, tambaya ɗaya ce ma'aikacin tashar awon yanayi yake amsawa, watau milimita nawa aka samu. Zai je wurin ma'auninsa, ya tsiyaye abin da ya taru a cikin kwalaba mai zane-zane, ya rubuta, alal misali, milimita 20, ya rufe littafi. Manomi kuwa da ya isa gona da sassafe, abin da yake dubawa shi ne, shin ruwan nan shiga ƙasa ya yi ko dukanta ya yi. Domin ya sani sarai akwai ruwan da yake sauka a hankali har asuba, ƙasa ta sha ta ƙoshi, akwai kuma wanda yake zubowa cikin rabin sa'a kamar da bakin ƙwarya, ya kwantar da shuka, ya rushe kunya, ya bar fuskar gona a shafe kamar an yi mata daɓe. A littafin ma'aikaci duka biyun milimita 20 ne.

Bambancin da manomi yake gani da ido, wanda ma'aunin ruwa ba ya gani, yana ƙunshe ne cikin abu ƙarami ƙwarai, watau girman ɗigon ruwan da saurin faɗowarsa. A yau akwai na'urori masu aiki da hasken leza waɗanda suke ƙirga ɗigon ruwan sama ɗaya bayan ɗaya, su auna kaurin kowanne da gudunsa, haka nan kuma suke yi wa dusar ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Mutane da yawa, har da masu ilimin zamani, idan suka ji labarin irin wannan bincike sai su yi dariya, su ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Ra'ayina ya saɓa da nasu. A ganina ƙasashen da suka fi kowa bukatar sanin girman ɗigon ruwansu su ne irin namu, masu gajeriyar damina da ruwa mai ƙarfi da ƙasa mai rairayi, kuma ya kamata jami'o'inmu su mai da wannan awo aikinsu na kowace damina.

Ɗigo da ɗigo akwai bambanci

Bari mu fara da gyara wani kuskure da muka taso da shi tun daga firamare. Hoton ɗigon ruwa da ake zana mana, mai tsini a sama da tumbi a ƙasa kamar hawaye, babu irinsa a sararin sama. Ɗigon da kaurinsa bai kai milimita 1 ba mulmulalle ne kamar ƙwallo. Idan ya ƙara girma, iskar da yake kutsawa cikinta takan danne shi daga ƙasa, gindinsa ya baje, bayansa ya yi tudu, ya koma kamar waina. Da ya wuce milimita 5 ko 6 galibi ba ya iya riƙe kansa, sai ya fashe ya zama ƙanana. Mafiya girma da aka taɓa aunawa daga jirgin sama, a sararin Birazil a 1995 da na tsibiran Marshall a 1999, sun kai kusan milimita 9.

Gudunsu ma ba ɗaya ba ne. Wasu masana biyu na Amurka, Gunn da Kinzer, sun auna shi a 1949, kuma har yau da awonsu ake gwada sababbin na'urori. Ɗigo mai milimita 1 yana faɗowa da gudun kimanin mita 4 cikin daƙiƙa, mai milimita 2 yana yin mita 6 da rabi, manya kuwa suna kai mita 9, watau wajen kilomita 32 cikin sa'a. To, sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi kaɗan. Ɗigo guda mai milimita 4 yana ɗauke da ruwan ɗigo 64 masu milimita 1. Tun da yake kuma gudunsa ya ninka nasu fiye da sau biyu, ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ya fi na ƙaramin ɗigo guda kimanin sau 300. Ko an haɗa ƙananan nan 64 wuri ɗaya, ƙarfinsu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na nasa. Ga asirin abin da manomi ya gani a gonarsa ke nan.

Daga garin fulawa zuwa hasken leza

Neman sanin girman ɗigo ya daɗe. A 1895 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Julius Wiesner, ya riƙa tarar ruwa a kan takarda mai shan ruwa yana auna faɗin tabon da kowane ɗigo ya bari. Amma wanda labarinsa ya fi burge ni manomi ne, Wilson Bentley, mutumin ƙauyen Jericho a jihar Vermont ta Amurka. Shi ne a 1885 ya haɗa madubin ƙara girman abu da kyamara ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara, kuma kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki fiye da hotuna 5,000. Da bazara, lokacin da babu dusa, sai ya koma ga ruwan sama. Yakan zuba garin fulawa a faranti, ya fitar da shi cikin ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, kowane ɗigo ya dunƙule gari ya zama ɗan curi gwargwadon girmansa, idan curin ya bushe ya auna shi. Ya buga sakamakonsa a 1904. Da irin wannan dabara ta gari Laws da Parsons suka yi aikinsu a Amurka a 1943, da takarda mai rini kuma Marshall da Palmer na Jami'ar McGill ta Kanada suka fitar da ƙa'idarsu a 1948, wadda take bayyana yadda yawan ƙananan ɗigo da manya yake sauyawa idan ruwa ya ƙara ƙarfi. Mai karatu ya riƙe sunayen nan, za mu sake haɗuwa da su.

A 1967 Joss da Waldvogel na ƙasar Suwizalan suka ƙera na'ura mai aiki kamar ganga: ɗigo ya daki fuskarta, ta mai da ƙarfin dukan zuwa siginar lantarki. Ta yi amfani ƙwarai, sai dai ba ta auna gudu, ƙarar aradu da iska suna rikita ta, ƙarar manyan ɗigo tana danne ta ƙanana, kuma ba ta da wani amfani ga dusar ƙanƙara, wadda take sauka shiru.

Na'urar leza ta kauce wa yawancin waɗannan matsaloli, domin ba ta taɓa ɗigon ko kaɗan. Mu ɗauki wadda aka fi sani, mai suna Parsivel, wadda Löffler-Mang na Jamus da shi Joss ɗin suka bayyana a shekara ta 2000. Kawuna biyu ne suke fuskantar juna a kan sanda. Ɗaya yana fitar da hasken leza a shimfiɗe kamar falle, tsawonsa santimita 18, faɗinsa santimita 3, kaurinsa kimanin milimita 1. Ɗayan kuma yana karɓar hasken yana auna ƙarfinsa. Duk ɗigon da ya ratsa wannan falle sai ya tare wani sashe na hasken, watau ya yi inuwa. Gwargwadon yadda hasken ya ragu, haka girman ɗigon yake. Gwargwadon daɗewar inuwar kuma, haka gudunsa yake. Na'urar tana rarraba abin da ta gani zuwa azuzuwa 32 na girma da 32 na gudu, ta aika wa kwamfuta minti bayan minti, dare da rana. Aikin da Bentley zai yi damina guda yana yi da farantinsa, ita tana gama fiye da shi kafin hadari ɗaya ya wuce.

Ina ruwanmu da dusar ƙanƙara?

Haɗa girma da gudu shi ne yake ba na'urar ikon gane abin da yake faɗowa. Idan abu babba ne kuma yana gudu ainun, ƙanƙara ce. Idan babba ne amma yana saukowa a hankali, kimanin mita 1 cikin daƙiƙa kamar gashin kaza, dusa ce. Wannan ya sa ake kafa irin waɗannan na'urori a filayen jirgin sama da manyan hanyoyin ƙasashen sanyi.

Duk da haka awon dusa ya fi na ruwa wuya nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa siffarsa sananniya ce, nauyinsa ma haka. Ƙwayar dusa kuwa wata kamar tauraro mai rassa shida, wata kamar allura, wata kamar faifai, sau da yawa kuma gomiya sukan manne da juna su zama tsumma guda mai iska a ciki. Nakaya Ukichiro na Jami'ar Hokkaido ta Japan, wanda ya fara ƙirƙirar ƙwayar dusa a ɗakin gwaji a 1936, ya nuna cewa sanyi da laimar da ta girma a cikinsu su ne suke yanke mata siffa. Akan ce dusa mai zurfin santimita 10 tana ba da ruwa santimita 1 idan ta narke, amma wannan ƙiyasi ne kawai, yakan sauya ƙwarai daga rana zuwa rana. Na'urar leza inuwa kaɗai take gani ta gefe ɗaya, kuma an gina lissafinta ne bisa siffar ɗigon ruwa, saboda haka takan yi kuskure a girman dusa da gudunta. Shi ya sa masana suka haɗa mata da wasu na'urori, irin mai kyamara biyu da aka ƙera a birnin Graz na Ostiriya, da mai kyamara uku ta Jami'ar Utah a Amurka, wadda take ɗaukar hoton ƙwayar dusa tana cikin faɗowa. A lokacin wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a Koriya ta Kudu a 2018 ma, an tara ire-iren na'urorin nan a duwatsun Pyeongchang domin nazarin dusa.

Mai karatu zai ce, mu da ko a mafarki ba mu ganin dusar ƙanƙara, ina ruwanmu? Amsa ita ce, ruwanmu a cikinta yake. Hadarin da muke gani ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, kansa yakan kai kilomita 15 a sama, kuma daga wajen kilomita 5 zuwa sama sanyin ya isa ya daskarar da ruwa. Kaso mai yawa na ruwan da yake sauka a Kano ko Maraɗi ya fara rayuwarsa ne a matsayin dusa da ƙanƙara, ya narke a kan hanya. Ran da ƙanƙarar ta yi girman da ba ta gama narkewa ba, mukan tsince ta a tsakar gida. Ashe duk abin da aka gano game da dusa a Finlan ko Kanada, bayani ne a kan saman hadarinmu. Abin da ba wanda zai auna mana daga can shi ne abin da yake isowa ƙasa a nan.

Dalilai uku

Dalili na farko shi ne na'urar rada da taurarin ɗan Adam. Rada ba ta auna ruwa kai tsaye. Sigina take harbawa cikin hadari ta saurari amsa-kuwwarsa. Ita kuwa amsa-kuwwar nan tana ƙaruwa da girman ɗigo fiye da yadda ruwan da yake cikinsa yake ƙaruwa. Ɗigo guda mai milimita 4 yana mayar da sigina daidai da ɗigo 4,096 masu milimita 1, alhali ruwan 64 kaɗai yake ɗauke da shi. Wannan misali ne da aka kai matuƙa, amma ya isa ya nuna cewa wanda bai san girman ɗigo ba, ba zai iya fassara abin da rada ta gani zuwa milimita ba sai da zato. Ƙa'idar da aka fi yin wannan fassara da ita a duniya ita ce mai ɗauke da sunan Marshall da Palmer, wadda ta samo asali daga ruwan Kanada. Da aka kafa na'urorin haske masu auna ɗigo a yankin Djougou na arewacin Jamhuriyar Benin, a ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, wanda aka yi babban aikinsa a 2006, sai aka tabbatar da abin da kowane ɗan Sahel ya sani da ido: hadarinmu kashi biyu ne, goshinsa mai zuwa da iska da ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, da bayansa mai yayyafi na sa'o'i, kuma yanayin ɗigon kowanne daban ne, ƙa'ida ɗaya ba ta wadatar da su. Haka nan tauraron GPM, wanda Amurka da Japan suka harba a watan Fabrairu na 2014 ɗauke da rada iri biyu, an gwada lissafinsa da na'urorin ƙasa a wurare irin su Ontario ta Kanada da jihar Washington ta Amurka. Afirka kuwa ita ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin awon yanayi, saboda haka ita ta fi dogara da taurari, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da za ta gwada gaskiyarsu da shi. Ba na cewa na'urar auna ɗigo za ta hana ambaliya irin wadda ta auka wa Yamai a 2020 ko Maiduguri a watan Satumba na 2024. Abin da nake cewa shi ne, duk gargaɗin ambaliya yana farawa ne da sanin yawan ruwan da ya zuba a saman kogi, kuma wannan sani yana da rauni matuƙar ana fassara hadarinmu da ma'aunin wasu.

Dalili na biyu shi ne zaizayar ƙasa. A shekarun 1950, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, wani masani mai suna Norman Hudson ya share filaye biyu ƙwal, ba ciyawa ko ɗaya, ya shimfiɗa ragar sauro a saman ɗaya. Ruwan da ya sauka a kansu ɗaya ne, sai dai ragar tana farfasa ɗigon ta karya gudunsa. Bayan shekaru, ƙasar da filin da ba raga ya yi asara ta ninka ta mai raga fiye da sau 100. Ke nan dukan ɗigo shi ne yake fara tsinka ƙasa, ya toshe ƙofofin da ruwa yake shiga, sa'an nan malale ya kwashe abin da aka tsinka. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, Kowal da Kassam sun buga sakamako a 1976 wanda ya nuna ƙarfin dukan ruwan wannan yanki ya zarce na ƙasashen sanyi. Amma lissafin zaizayar ƙasa da ake koyarwa a yawancin darussan aikin gona, na Wischmeier da Smith, an gina sashensa na ƙarfin ruwa ne a kan awon garin fulawa na Laws da Parsons. Ruwan farko yana samun gonakinmu tsirara, an kwashe kara da karmami don dabbobi da danni da wuta. Malamin gona da yake roƙon manomi ya bar wani abu a kan ƙasa, ya kamata a ce yana da alƙaluman yankinsa da za su nuna a waɗanne makonni ruwa ya fi duka, da kuma yawan rufin da zai isa.

Dalili na uku yana cikin ɗakunanmu. Duk mai kallon talabijin ta tauraron ɗan Adam ya san da hadari ya fara zuba hoto yakan ɗauke. Ɗigon ruwa ne yake sha da warwatsa siginar, kuma yawan asarar ya danganta da girmansa. Marigayi Farfesa G. O. Ajayi na jami'ar Ile-Ife, tare da Olsen na Kanada, sun buga ƙa'idar girman ɗigon ruwan ƙasashen zafi a 1985 domin amfanin injiniyoyin sadarwa. Amma ruwan kurmi daban, ruwan Sahel daban. A Burkina Faso kuma an juya matsalar ta zama amfani: a 2014 masana suka nuna ana iya ƙiyasta ruwan sama daga raunin da siginar take yi tsakanin turakun wayar salula. Wannan dabara ma tana bukatar sanin ɗigo kafin ta ba da lissafi abin dogaro.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce jami'ar da take fama da rashin wuta da rashin kujeru ba ta da hurumin ƙirga ɗigo. Za a kuma ce mun sha ganin na'urori masu tsada sun zo cikin akwati da biki, bayan shekara biyu sun zama gidan ƙadangare. Suka ta biyu gaskiya ce, kuma ita ta fi damuna. Na'urar leza tana da nata raunin: iska mai ƙarfi tana karkatar da ɗigo ta ruɗa lissafi, fantsamar ruwa daga jikin na'urar tana shiga ƙirga, ɗigo biyu sukan ratsa tare a ɗauke su ɗaya, ƙanana ƙwarai sukan kuɓuce mata. A wurinmu kuma ga ƙurar da take riga ruwa isowa tana dushe gilashi, ga gizo-gizo da yake son saƙa tsakanin kawunan biyu. Duk wanda ya saye ta bai tanadi mutumin da zai riƙa goge ta, ya kwatanta ta da ma'aunin ruwa na kwalaba, ya adana abin da ta rubuta ba, ya yi asarar kuɗin jama'a. Game da suka ta farko kuwa, kuɗin na'urar bai kai na sabuwar mota ɗaya irin ta manyan ma'aikata ba, kuma faifan hasken rana da batir sun ishe ta.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Wani bincike da Christopher Taylor na Ingila da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwanmu yana sauya hali, kuma wanda bai rubuta yadda yake a bana ba, ba shi da abin da zai gwada na shekaru 20 masu zuwa da shi. Damina idan ta wuce ba a auna ta ba, ta wuce ke nan har abada.

Shawarata ita ce jami'o'in arewacin Nijeriya da na kudancin Nijar su haɗa kai su jera 'yan na'urori kaɗan daga kudu zuwa arewa, daga Zariya mai samun kimanin milimita 1,000 a shekara, ta Kano da Katsina da Maraɗi, har Damagaram wadda ba ta samun rabin haka. Kowace ta kasance da ma'aunin kwalaba a gefenta da ma'aikaci sananne mai kula da ita, a yi alkawarin riƙe ta aƙalla shekaru 10, a kuma buɗe alƙaluman ga duk ɗalibin da ya nema, na fannin fiziya ne, ko aikin gona, ko labarin ƙasa, ko injiniya.

Kafin na'urar ta iso kuma, babu dalilin zama. Faranti, da mudun fulawa, da rariya masu ido daban-daban, da sikeli mai kyau, da sirinji na ɗiga ruwa sananne don gwaji, su ne kayan aikin da aka kafa wannan fanni da su. Ɗalibin da ya fita da faranti cikin goshin hadari, ya sake fita cikin yayyafin bayansa, ya busar da curin ya tankaɗe ya auna, zai ga bambancin da idonsa, kuma ran da aka kawo leza shi ne zai san lokacin da take faɗin gaskiya da lokacin da gizo-gizo ya shiga tsakani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu himmar sanin abin da yake sauko mana.